Salular da Ba a Buɗe Bayanta

Ni Nomau, da nake sayen wake a kasuwar Gazawa shekara ashirin ba a taɓa yi mini ha'incin tiya ba, ni aka yi wa wayo da gilashi. Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

A Maradi na sayi salular. Mai shagon ya tsoma ta cikin bokitin ruwa a gabana, ya ciro, ya goge da bakin riga, tana ta haske. Ya ce, "Alhaji, wannan sai dai ka gaji da ita." Kuɗin bijimi guda na zube masa, na dawo gida ina hura hanci.

To, ƙanwata Ummuhani tana da gona gabas da gari. Da awakinta aka saye ta, amma mijinta Bakari ne ya yi cinikin, kuma babu takarda. Da ciwo ya kwantar da Bakari, na je duba shi wata safiya, sai ya ce yana so a ɗauki maganarsa, don ya san halin wansa Abdulaziz. Ummuhani ta jawo 'yar salularta mai maɓallai, wadda aka ɗaure da roba, ta sha faɗawa cikin tukunyar miya. Na ce, "Haba, mayar da wannan abin kunya. Magana mai nauyi a babbar waya ake ajiye ta." Bakari ya faɗi komai a tawa: gonar ta Ummuhani ce, ba ta cikin gado. Bayan kwana tara ya rasu.

Ana gama arba'in Abdulaziz ya ce a raba har da gonar. Mai gari ya sa mana ranar Alhamis. Ko a jikina, ina da muryar mamaci a aljihu.

Ran Talata ina saukowa daga amalanke salular ta zame daga aljihuna. A kan yashi fa ta faɗi, ba dutse ba, tsayin da ko ƙwai zai iya tsira. Na ɗauka, fuskarta baƙi ƙirin. Sai na yi abin da kowa ke yi a garinmu in waya ta ɗauke: a buɗe baya, a cire batir, a hura, a mayar. Na nemi wurin sa farce, babu. Na ɗauko wuƙar yankan igiya na zura a gefe, na ɗan murɗa. Na ji ƙas, bayan ya tsage kamar tangaran.

Na garzaya wurin Mujahid mai gyara, bakin tasha. Ya juya ta, ya dube ni.

"Baba Nomau, wa ya sa mata wuƙa?"

"Ni. Batir zan cire."

"Irin wannan ba a cire mata batir. Da gam aka liƙe ta. Da ka bar ta, fuska kawai zan sa a kawo daga Katsina. Yanzu ka yanke cikinta."

"To, zaro mini memwar, ɗan katin nan. Shi nake so."

"Ba ta da wurin kati. Komai a jikinta yake."

Wallahi na ji kamar in kwaɗa ta da bango. Wace irin tsada ce wannan, abin da ba ya jure yashi, kuma mai shi ba shi da ikon buɗe shi? Wanda ya ƙera ta bai taɓa hawa amalanke ba, shi ya sa.

Ran Alhamis na ajiye ta a kan tabarmar mai gari, na rantse da abin da na ji da kunnena. Mai gari ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Nomau, ba mu ce ka yi ƙarya ba. Amma kai kaɗai ne, kuma wan Ummuhani ne kai. Akwai wani?" Babu wani. Aka sa gonar cikin gado, Ummuhani ta tashi da ɗan gefen da bai kai a shuka tiya guda ba.

A hanyar gida na yi ta zagin mai shago, na zagi masu ƙera ta, na zagi wuƙata. Ummuhani tana bayana. Sai da muka kai ƙofar gida ta tsaya.

"Yaya, gona kam ta tafi, na haƙura. Amma ka sake tambayar mini Mujahid. Ko ba duka ba, ko wurin da ya kira sunana kawai, ba za a iya ciro shi ba?"

Na ce mata zan tambaya, alhali na san amsar.