Ranar da Ƙafar Shugaba Ta Kumbura

Wani tsoho ne, gyaran wayar tarho ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. 'Yarsa kuwa, wadda yake kira Uwata, bincike take yi a kan ɓeraye, a wani ɗaki mai sanyi da ƙamshin dusar katako. Ba a barin baƙo ya shiga, don haka duk ranar da ya kawo mata abincin rana sai ya manna hancinsa a gilashi yana kallo. Akwai wani farin ɓera mai tumbi da ya raɗa wa suna Shugaba.

Ta taɓa yi masa bayani. "Baba, jini yana da sojoji. In cuta ta shigo, na kusa sai su aika wa na nesa saƙo. Ɓerayen nan an haska musu wani haske da ido ba ya gani, irin na maganin ciwon daji. Yana kashe wasu sojojin, sauran kuma su yi gum."

"Wato layi ya katse."

"Ya katse. Maganina nake so ya ɗaura shi."

Matsalar ita ce maganin ya ƙi nuna komai. An ce in makon nan ya wuce a haka, za a rufe ɗakin a mayar da ita wani gari mai nisa. Har ta sauko da akwatinta daga kan kabad, tsohon kuwa ko kallon akwatin ba ya son yi.

Rannan ya leƙa, sai gabansa ya faɗi. Shugaba ya takure a kusurwa, ƙafarsa ta baya ta yi suntum, ta yi ja. Ya shiga ƙwanƙwasa gilashi.

"Uwata! Zo, Shugaba ba lafiya!"

Ta fito daga ɗakin ciki, ta duba keji, ta duba na kusa da shi, ta sake dubawa. Sai ga ta ta hau tsalle da farar rigarta kamar yarinya.

"Ke, kanki ɗaya? Bawan Allah na fama kina rawa?"

Ta turo ƙofa tana haki. "Baba, jiya na yi musu allurar gwaji a ƙafa. Waɗanda ba su sha magani ba, ƙafarsu shiru. Shugaba kuwa ya sha, kumburin nan sojoji ne suka taru. An kira su, sun ji!"

Tsohon ya cire tabarau ya goge.

"An ɗaga waya ke nan."

"An ɗaga, Baba. Kumburin ma jibi zai sace."

Ya buɗe kwano ya gutsuro tsoka. "Miƙa wa Shugaba."

"Ba sa cin abincin waje."

"To ci a madadinsa," in ji shi, yana gyara hula. "Ni na tafi gida. Akwatin nan ya tare mini hanya, yau zai koma kan kabad."