La'asar Mai Raka'a Uku

Ni dai da ma can ban taɓa son wasan nan ba, kada wani ya ce sai da abin ya faru na tsane shi. Mutum da hankalinsa ya ɗaura takalmi mai wuƙa a ƙasa, ya ɗauki sanda, ya hau ƙanƙara yana bin wani ɗan faifan roba, ƙarti suna maka shi da katanga. Hoki suke ce masa. Shekara ashirin da biyu ina aikin likita, GP, a unguwar Sparkhill ta Birmingham, na san abin da katanga take yi wa kan ɗan Adam.

To amma ɗan fari na, Maharazu, wanda nake ce wa Babana saboda sunan mahaifina gare shi, tun yana ɗan shekara bakwai ƙanƙara ta shiga ransa. Ubansa, Alhaji Yusha'u, shi ya ɗaure masa gindi. Ni ina faɗa, su suna saka kaya a but ɗin mota. Ya gama jami'a, ya ajiye takardar a durowa, ya koma Manchester yana yi wa wani kulob wasa. Sau uku ana kiransa gwajin shiga ƙungiyar ƙasa, sau uku ana cire sunansa a ranar ƙarshe. Sai bana, yana da shekara ashirin da tara, gwiwa ta fara ƙara, suka ɗauke shi.

Gasar ba ta manyan duniya ba ce, ta 'yan rukuni na biyu ce. Ƙasashe shida, kowa ya kara da kowa cikin mako guda, wanda ya zo na ɗaya ya hau wajen manya, na ƙarshe ya gangara. A Manchester aka yi ta. Shi da kansa ya kira ni ya faɗa min an ɗauke shi. Na ce masa Allah ya sanya albarka, kuma har zuciyata na faɗa.

Ranar Alhamis, wasa na huɗu, ni da ƙanwarsa Inaya muna zaune a sama cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, wani zabgegen ɗan wasa ya haɗa shi da katanga. Kansa ne ya fara isa. Ya kwanta kamar daƙiƙa uku, ya miƙe, ya ɗaga wa jama'a hannu, aka yi ta tafi. Likitan ƙungiya ya shiga da shi ciki, ya fito da shi, ya ƙarasa wasan. Suka ci. Saura wasa ɗaya ranar Asabar, in suka ci shi sun hau.

Juma'a ranar hutu ce, an bar iyalai su leƙa 'yan wasa a otal da rana. Alhaji yana wajen aiki sai Asabar zai taso daga Birmingham, don haka mu biyu muka je. Ɗakin Babana labule a sake, fitila a kashe, ƙarfe uku da rabi na rana. Na ajiye masa dambun naman da in ya gani ba ya iya kawar da kai, ya ce na gode, ya ture robar gefe. Ya tambaye ni ya hanya, akwai cunkoso a babban titin M6? Na ce jiya muka zo, a gidan Anti Ramatu muka kwana. Ya ce au, haka ne.

Da La'asar ta yi muka shimfiɗa tawul-tawul, ya shiga gaba, muka bi shi. Tun yana sha biyar yake ja mana salla in ubansa ba ya nan, bai taɓa sa ni yin tafi ba. Ran nan a raka'a ta uku ya zauna. Mace ba ta yi wa liman magana, tafi take yi, sai na tafa. Bai tashi ba. Inaya ta tafa. Ya yi tahiya tsaf, ya sallame, ya juyo yana kallonmu da mamaki.

"Yaya, uku ka yi," in ji Inaya.

"Huɗu na yi."

"Uku."

Ya miƙe zai ciko, sai na ga ya dafa gado kafin ƙafarsa ta tsaya. Muka ƙarasa, muka yi ba'adi. Kowa yana mantuwa a salla, ni ma ina yi. Amma da muka shafa addu'a ya dube ni ya ce, "Mama, ya hanya? Akwai cunkoso a M6?"

Na ce wa Inaya ta sauka ƙasa ta samo mana shayi.

"Babana, dube ni nan. Tun yaushe kake amai?"

"I'm fine, Mum."

"Kada ka yi min Turanci. Ni na haife ka. Tun yaushe?"

Can sai wannan ƙaton da ya fi ƙofa tsawo ya zame ƙasa ya ɗora kansa a cinyata, abin da rabonsa da yi tun yana firamare. Ya ce sau biyu da safe. Ya ce haske yana sukar idonsa, kuma bai tuna yadda wasan jiya ya ƙare ba, a waya ya gani. Tambayoyin da likita yake yi musu in an bugu, duk 'yan wasa sun haddace su, shi ya sa ya wuce.

"Wasa ɗaya ne, Mama. Gobe kawai. Daga shi in kin ce in bari, na bari. Ba za su sake kirana ba, kin san shekaruna. Amana na ba ki, don Allah."

Ina shafa kansa, ina jin zafin goshinsa a tafin hannuna. Na san abin da bugu na biyu yake yi wa ƙwaƙwalwar da ba ta warke daga na farko ba. Na taɓa ganin yaro ɗan sha tara da aka kawo haka lokacin ina asibitin koyarwa, uwarsa tana ba shi abinci da cokali har na bar wurin. Kamata ya yi in gaya wa Babana wannan. In ce masa a'a a fuskarsa, mu yi faɗanmu a ɗakin, in ja hannunsa mu tafi wajen likitan tare. Ban yi ba, kuma nan ne laifina. Ni da bakina ba ya mutuwa, ran nan shiru na yi, saboda daɗin kan nan a cinyata. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin na yarda. Har ya sumbaci hannuna.

Na fito, na ce wa Inaya ta jira ni a mota. Na tambayi masu karɓar baƙi ina likitan ƙungiya yake. Wani dattijo ne mai sanƙo, yana cin biskit a ɗakin taro. Na gaya masa sunana da aikina, na lissafa masa abin da na gani ɗaya bayan ɗaya kamar ina miƙa mara lafiya ga abokin aiki. Bai ko ƙarasa biskit ɗin ba ya tashi.

Ranar Asabar Babana yana tsaye bayan bencin 'yan wasa cikin kwat, da baƙin gilashi a idonsa. Wani yaro ɗan shekara ashirin aka saka a gurbinsa. Suka ci uku da biyu, suka hau. Fili ya kaure, 'yan wasa suna zubar da sanduna da hulunan kwano a kan ƙanƙara, suna hawa kan juna. Abokansa suka jawo shi ciki da takalminsa na gida, yana tafiya a hankali kada ya zame, aka rataya masa lambar yabo shi ma. Alhaji yana ta ɗaga masa hannu. Ya ɗago ya dubi wajen da muke, ya ga ubansa, ya ga Inaya. Ni idonsa ya tsallake ni.

Alhaji ya ce in ba Babana lokaci, ɗa ba ya fushi da uwa ya daɗe. To ai ba fushi ya yi ba, da fushin ne da sauƙi. Da Babbar Salla ya zo Birmingham, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya kawo min turare. Duk Juma'a yana kira. Ina wuni Mama, lafiya lau, ya aiki, lafiya lau. In na ce ya kan naka, ya ce Alhamdulillahi, ga Baba can ki ba shi wayar. Likitocin ƙwaƙwalwa sun hana shi wasa wata bakwai, kulob ɗinsa bai sabunta masa kwantiragi ba, duk wannan a bakin Inaya na ji. Da aka fitar da sunayen waɗanda za su je gasar manya, babu nasa. Ban taɓa cewa na yi nadama ba, don ban yi ba. Yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa. Amma wallahi kewarsa nake yi yana zaune a falona.

Watan jiya ina tsakiyar ganin marasa lafiya Inaya ta kira ni tana kuka. Ta ce ta gaji da riƙe magana. Yayanta kwana biyu ke nan yana kwance a asibiti a Manchester, ya yanke jiki ya faɗi a wajen sabon aikinsa, ya sa ta rantse ba za ta faɗa min ba. Na bar wa abokiyar aikina sauran mutanen, na biya gida na juye farfesun da ke kan wuta a fulas, na kama hanya. Ban san yadda na isa ba.

Barci yake yi da na shiga, ya rame, an saka masa ruwa a hannu. Na daɗe a tsaye a kansa ban taɓa shi ba. Sannan na fita wajen teburin nas-nas, na sami wata 'yar Najeriya, an rubuta Lovelyn a ƙirjinta. Na ce ni ce mahaifiyarsa, kuma likita ce, ina so in san me hoton kansa ya nuna. Ta buɗe kwamfuta da fara'arta, ta karanta, sai fara'ar ta tafi.

"Mummy, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ya sa an rubuta. Mahaifinsa da ƙanwarsa za a iya yi wa bayani. Ke ya ce kada a gaya miki komai."

Ta fara yi min bayanin dokar sirrin mara lafiya, na ɗaga mata hannu. Na san dokar. Ni da bakina na sha karanta wa iyayen wasu ita a Sparkhill, ina miƙa musu tishu.

Na koma kan kujerar roba a baranda na zauna, fulas a cinyata. Likitansa ya zo wucewa da fayil a hannu, yaro ne da na girme wa aiki da shekara ashirin. Ya shiga wajen ɗana, ya ja labule.