Turdubek da Bindiga Mai Madubi

Shekara arba'in da ɗaya Turdubek yana tsare wa ƙauyen Ak-Bulak dawaki da tumaki daga kyarkeci, da bindigar da ya gada wurin mahaifinsa. Bana da ya kai ta birnin Narin sabunta takardar izini, ma'aikacin ofishin ya leƙa cikin hancinta ya ce ta cinye, ya jefa ta ɗakin ajiya kamar tsohuwar tsintsiya. Ƙungiyar makiyayan gari ta sayi sabuwa guda ɗaya, mai madubin saiti ɗaure a gadon bayanta. Doka kuwa ba ta san furfura ba: duk mai son riƙe ta sai ya kwanta an koya masa, sannan ya saka harsashi biyu cikin uku a baƙar da'ira daga mita ɗari. Wanda ya kasa, ya koma gida ya sha shayi.

Shan shayin nan shi Turdubek ke tsoro. Shekara biyu ke nan ƙwayar saitin da ke bakin bindiga ta zame masa hazo. Bara ya kuskure kyarkeci a tazarar jifa, ya ce iska ce ta kwashe harsashin, kuma ko matarsa bai gaya wa gaskiya ba. Yau ga shi za a kwantar da shi gaban jama'a, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai koyarwar ma wani abin haushi ce. Burul ce, 'yar amininsa marigayi, wadda ta yi shekara takwas a sojan kan iyaka. Shi da bakinsa ya yi mata kiran salla a kunne ranar da aka raɗa mata suna. Yanzu ita ce tsaye da hantsi a bayan gari, hannu a ƙugu, maza biyar zaune gabanta kan shimfiɗar gashin tumaki kamar 'yan aji ɗaya.

"Ku saurara," in ji ta. "Tsakanin idonku da madubin nan ku bar yatsu huɗu. Ba tabarau ɗin neman tumaki ba ne da kuke mannawa a fuska. Bindiga tana harbi ta baya kamar goɗiya."

"Malama, mun ji," in ji Kubat, wani saurayi mai kiwon dawaki da bakinsa ya fi hannunsa sauri. "Ni fa da ido rufe ma sai in buga."

Ya kwanta, ya manna idonsa a madubi daidai yadda aka ce kada ya yi, ya ja kunama. Ƙarar ba ta gama dawowa daga duwatsu ba ya tashi zaune dafe da gira, jini na bin yatsunsa.

"To, an yi maka hatimi," in ji wani. "Yanzu kowa ya san kai na gwamnati ne."

"Ka ce wa amaryarka kyarkeci ne ya yakushe ka!"

Burul ta manna masa filasta, ta juya. "Baba, bismillah."

Turdubek ya kwanta, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya bar yatsu huɗu, ya leƙa. Abin da ya ji tsoro shi ya gani: layukan saiti biyu da suka gitta juna a cikin madubin sun kumbura sun zama huɗu, takardar da'irar can nesa jikin allo kamar an zuba mata madara. Ya shiga gyara hula ba dalili.

Burul ta durƙusa kusa da shi kamar mai duba ɗaurin madubi. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, akwai zobe a nan baya. Zan riƙa murɗawa, in layin ya yi siriri ka yi tari."

Ta murɗa, ta ƙara murɗawa. Layuka huɗu suka matso, suka haɗe, suka zama biyu sirara kamar gashin wutsiyar doki. Ga baƙar da'ira tsaf, har da ƙusoshin da aka kafe takardar da su. Turdubek ya manta da tari. Rabon da ya ga abu da kaifi haka tun kafin auren autarsa.

"Ya isa haka, 'yata," ya ce da kyar.

Ya saki uku na gwaji a natse, yadda ya saba, kowanne tsakanin numfashi biyu. Wani ya ɗaga tabarau mai hangen nesa ya duba, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Takardar fes take," ya ce. "Ko ƙwarzane babu."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Turdubek ya miƙe yana kaɗe rigarsa. Ya gama yanke shawara: zai ce cinyarsa ke ciwo, ya hau dokinsa.

"Baba, raka ni mu duba allon," in ji Burul.

"Me za a duba? An ce fes take."

"Ni ce malama yau. Taho."

Ta zare harsashi daga bindigar, suka taka har wurin. Ba ta ko kalli takardar ba, katakon da ke bayanta ta bi da yatsa. Can sama, ta hannun dama, ga huda uku a cure wuri guda, gindin kofin shayi sai ya rufe su.

"Ikon Allah," ta ce. "Baba, a ina ka ajiye mahaɗar layin?"

"Inda ake ajiyewa mana. Tafin hannu biyu sama, ɗaya dama."

"Wa ya ce nan ake ajiyewa?"

"Wa zai ce? Haka ake harbi! Harsashi ai ƙasa yake ja, ya karkata hagu. Mahaifina haka ya koya mini."

Burul ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. "Baba, ba halin harsashi ba ne wannan, halin bindigar gidanku ne. Karkatacciya ce tun fil azal. Kun yi shekaru kuna lallaɓa ta har kun ɗauka haka duniya take. Wannan kuwa na daidaita ta jiya. Inda ka nuna mata, nan take zuwa."

Turdubek ya tsaya yana kallon hudojin. Shekara arba'in da ɗaya yana nuna gefen abu don ya sami abu, kuma bai taɓa harba wata bindiga ba balle ya gane. Sabo turken wawa, ashe har da mai gemu.

"To murɗa ƙusoshin madubin nan naki ta karkace kamar waccan," ya ce. "Sai mu huta."

"Zan iya. Amma ta gari ce, mutum biyar za su riƙe ta. In na karkatar da ita dominka, sauran kowa ya kuskure. Kai za ka miƙe, Baba."

Suka dawo. Harsashi uku na jarrabawa, Burul ta jera su kan shimfiɗa. Ya kwanta, ya ɗora mahaɗar a tsakiyar baƙi, sai ya ji hannunsa yana tafiya sama da kansa kamar doki ya ga hanyar gida. Ya dawo da shi, ya ja.

"Waje," in ji mai tabarau. "Sama kaɗan, yatsa biyu."

Saura biyu, kuma dole duka su shiga. Zuciyarsa tana ce masa ƙarya ne, ba a taɓa samun abu ta nuna shi kai tsaye ba. Ya ce mata ta yi shiru. Ya yi bismillah, ya danne gwiwar hannunsa a ƙasa, ya ja.

"Ciki!"

Na ukun bai bari tunani ya riga shi ba. Da mai tabarau ya sake cewa ciki, Kubat ya cilla hularsa sama har filastar girarsa ta ɓalle.

Turdubek ya tashi zaune. Farin ciki ya sa shi yin abin da tsoro ya hana shi shekara biyu. Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku ji, yara. Kyarkecin bara ba iska ba ce. Idona ne ya tafi. Na ɓoye muku."

Kowa ya shiga sosa ƙeya. Kubat ne, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya fasa ƙwan.

"Haba Baba! Ranar nan ko ciyawa ba ta motsi, wace iska? Kowa ya sani. Kana tsammanin mu ne muke bukatar madubi? Marar madubi ta fi araha nesa ba kusa ba. Mun zauna ba ka nan, muka ce ko mai madubi ko a fasa, don ba mu shirya neman wani maharbi ba."

Turdubek ya buɗe baki zai zage shi, zagin ya ƙi fitowa. Ya jawo hularsa ya rufe fuska, ya daɗe a haka, Burul kuwa tana rubuta sunansa a saman takardar waɗanda suka ci jarrabawa.