Ragunan Tsallake da Tokar Inna

"Namadi, ƙara wuta! In naman nan ya mutu na yi asarar yini!"

"Dakta, rago fa an riga an yanka shi. Wace mutuwa kuma?"

Dakta Riskuwa ta ƙara rungume kular ƙanƙara a bayan mashin. Daga kasuwar bakin iyakar Benin suke, sun nufi Bagudo. A cikin kular akwai wata 'yar tsoka da Namadi mahauci ya ciro mata daga bayan tumbin rago. Masana na kiranta fankiriyas, ita ke fitar da ruwan narkar da abinci. A kanta Riskuwa ta ƙarar da ƙuruciyarta a jami'a.

Ƙwayoyin tsokar nan da sinadarin kalsiyam suke aika wa juna saƙo. In ta ɗiga musu wani rini ta leƙa ta madubin ƙara girma, sai ta ga suna walƙiya kore, ɗaya bayan ɗaya. In ta tsoma su a ruwan da aka tace babu kalsiyam, sai su ɗan yi walƙiya da ragowar da suka adana, sannan su yi duhu. Haka na ragunan kasuwar Kende ta nan gida suke yi, haka na duk duniya.

Na ragunan tsallaken iyaka kuwa sun ƙi yin duhu.

Wannan ne ya hana ta sukuni. Jami'a aron madubin ta ba ta, kuma shugaban sashensu, Farfesa Bunyaminu, ya ce in damina ta wuce ba ta gano wani abu ba, za a zo a kwashe kayan. Ta riga ta yi masa waya ta ce ta gano. Ya ce ta maimaita gwajin sau ɗaya, ta aiko, shi zai kai gaban kwamiti.

Suna isa gida ta faɗa ɗakin da mahaifiyarta, Inna Sabuwa, ta ba ta don aiki. Ta yayyanka tsokar, ta zuba ruwan gwaji a kwalba, ta leƙa. Ga su nan, kore shar, suna ta ƙyaftawa.

"Me kuke ci a can?" ta tambaye su a hankali. "Ciyawa ce? Ruwan rijiya? Gishirin lasa?"

Namadi ya leƙo ta taga. "Sun amsa? In Dendancin mutanen tsallake suke ji, in yi maki tafinta."

"Zo ka gani da idonka."

Ya shigo, ya sa ido, ya ja baya da sauri. "La'ilaha! Wagga wuta cikin abin da nike jefa ma karnuka?"

Ta ɗaga kwalbar sama don ta rubuta mata lamba. Hasken taga ya ratsa ta. Riskuwa ta tsaya. Kwalbar ta yi ƙyalli fiye da yadda ta bar ta da safe, kuma can a gindinta akwai wani siririn layi fari-fari. Ta sa yatsa ta shafo, ta murza. Gari-gari.

"Inna!"

Inna Sabuwa ta fito daga madafa tana share hannu da gefen zane. "Mi ya faru? Kin kira ni kamar gobara."

"Wa ya taɓa kwalaben nan?"

"Ni mana. Wa kike da shi in ba ni ba?"

"Da me kika wanke su?"

"Da toka, da mi za a wanke? Ke da kin tashi zuwa tsallake, tun da sassahe kike hita ki bar su jibge kamar gidan da babu mace. Ranar Kende dai kina dawowa da wuri ki ɗauraye abinki da ruwan nan naki marar kumfa. To ranar da ba ki nan, in zuba masu ido? Baƙo ya shigo ya ce ɗiyata ƙazama ce?"

Riskuwa ta zauna a kan kujera a hankali. Tokar itace cike take da kalsiyam. Duk ranar da ta je iyaka, kwalabenta sun sha toka. Duk ranar Kende, ba su sha ba.

"Kullum, Inna?"

"Ban taɓa tsallakewa ba. Har goge su nike da tsumma."

Namadi ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa bango. "Ashe ragunan Inna ne, ba na Benin ba!"

"Rufe min baki, ka miƙo min sabon kwali can."

Ta fasa kwalin, ta ciro kwalbar da ba a taɓa amfani da ita ba. Ta zuba sabon ruwa, ta sa ragowar tsokar ragon tsallake. Ta ɗiga rini, ta leƙa madubin. Ƙwayoyin suka yi walƙiya, suka ƙara, suka rage, suka rage. Suka yi duhu.

Ta ɗauki waya tun kafin zuciyarta ta ba ta wata shawara.

"Ranka ya daɗe, kada ka kai komai gaban kwamiti. Babu abin da na gano. Toka ce."

Farfesa Bunyaminu ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Na riga na yi musu albishir, Riskuwa. Yanzu sai in je in janye. Ba zan iya roƙa miki wata damina ba. Da an gama girbin shinkafa mota za ta zo ɗaukar madubin."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ta ajiye wayar. Inna ta matso. "Ɗiyata, ɓarna na yi?"

Riskuwa ta riga ta buɗe hotunan gwaje-gwajen baya a kwamfuta tana wucewa da sauri. Kalsiyam mai yawa yakan sa ƙwaya ta kumbura ta lalace. Waɗannan ba su lalace ba. Wasu ranakun ma walƙiyar a jere take, daidai-daidai, wasu ranakun a hargitse.

"Inna, tokar nan iri ɗaya ce kullum?"

"Ina hwa! Wata rana ƙirya, wata rana kalgo, in itace ya yi wuya ƙaiƙayin shinkafar Kaoje."

Riskuwa ta miƙe, ta zari kwalabe uku.

"Namadi, gobe Kende, rago ɗaya. Inna, hura min murhu uku, kowanne da itacensa, kada ki haɗa."

"Girbin ya kusa hwa, Dakta," in ji Namadi, yana jingine da taga.

"Shi ya sa nake cewa ka tashi daga tagar nan ka nemo min kalgo."