Fiton Illo

Duk garin Kurawa an san fiton Illo. In ya danna harshe bayan haƙoransa na gaba ya busa, shanunsa sai su tsaya cak, ko da sun kai bakin geron mutane. Shi ya sa bai taɓa faɗa da manomi ba, kuma yana alfahari da haka har ya ishi mutane.

Da bazara dasashinsa ya fara jini in ya yi asawaki. Illo ya yi lissafi irin na makiyayi: saniya in ta ji ciwo a kofato, hutar da ita ake yi. Sai ya hutar da bakinsa, ya jefar da asawakin. Jinin bai tsaya ba, wari ya ƙaru. Matarsa Inno ta ce zafi ne, ta jiƙa masa kanwa. Wanzami ya ce tsutsa ce. Kafin gero ya kai gwiwa, haƙori ɗaya na gaba ya fara girgiɗa, tsoro ya kama Illo sosai.

A asibitin Sabon Birni, wata ma'aikaciya mai suna Hafiza ta haska bakin da tocila.

"Baffa, yaushe rabonka da asawaki?"

"Tun da jini ya hwara. Na bar shi shi huta."

"Ai wurin da ka jini, nan za ka riƙa gogewa, sahe da dare, a hankali."

Illo ya dube ta, ya dubi ƙofa. "In goge ciwo? Ɗiyata, ke ko kin ji abin da nic ce?"

Ta ce ta ji. Datti ne ya daskare a gindin haƙoran yana cin dasashin, sai an kankare shi, sannan buroshi ko asawaki da kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi. Sauran haƙoran za su tsira. Na gaban nan kuwa ya riga ya tafi, cire shi za a yi.

"Ni da niz zo a tsai da shi?"

"In an bar shi, za shi ja na kusa da shi."

Bai gane ba, wallahi, har aka gama. Ya dai buɗe baki don ba ya son a ce ya ji tsoron yarinya.

Da ramin haƙorin da aka cire ya warke, ya kora shanu kiwo. A burtalin da ya bi gefen gonar Lawwali, maƙwabcinsa tun suna yara, babbar saniyar ta karkata kai wajen gero, sauran suka bi ta. Illo ya danna harshe ya busa. Iska ce kawai ta fito, da ɗan miyau. Ya sake. Ya matsar da harshen gefe, ya sake.

Lawwali ya ɗago daga noma, ya jingina da hauyarsa yana murmushi, bai ko motsa ba.

"Yi musu fito mana, Illo," ya ce. "Mi kaka jira?"