Tambarin Dod Rennie

Da ƙyar suka zaro ruɓaɓɓen dutsen daga tagar hasumiyar cocin, yana zubar da gari. Dod Rennie ya share bayansa da hannun riga, sai ga tambari: kibiya da ɗigo biyu.

"Zo ki ga magabacinmu," in ji shi.

Elspeth Kinnaird ta matso. Ita ce shugabar aikin yanzu, amma a hannun Dod ta koyi riƙe guduma, shi ya sa har gobe "yarinya" yake kiranta, ga furfura a kanta.

An gina hasumiyar nan a zamanin Sarki James na Huɗu, kuma Dod yana maganar sarkin nan kamar tare suka sha shayi jiya. Sarki ne mai son gini, magina kuwa ba sa manta wanda ya daraja su. Kowane mai sassaƙa yana da tambarinsa, yana sa shi a dutsen da ya fito daga hannunsa.

Elspeth ta shafa dutsen, ta tuntsire da dariya. "Tsoho, duba! A tsaye ya sa shi. Maginin sarki guda!"

Dutsen yashi shimfiɗa-shimfiɗa ne. Yadda ya kwanta a mahaƙa, haka ake kwantar da shi a gini. In aka tsayar da shi, ruwan sama ya bi tsakani ya ɓare shi sannu a hankali.

"Kai, mai kibiya, ka ba mu kunya!" Dod ya ce, har da girgiza kai.

Yau ce ranarsa ta ƙarshe a aiki, bayan shekara arba'in da tara. A rumfar ma'aikata an ajiye kek da sunansa a kai. Mako uku ya yi yana sassaƙa dutsen da zai maye gurbin wannan, ya sa masa tambarinsa, yana so ya zama shi ne aikinsa na sallama.

Aka ɗago sabon dutsen da igiya. Yayyafi ya jiƙa shi, layukan jikinsa suka fito sarai. Dod ya kalle su. A tsaye suke. Idanunsa da suka fara rauni ne suka ci amanarsa, kunya ta rufe shi har wuya.

Elspeth ma ta gani. Ta rage murya. "Mu sa shi kawai. Na wancan sai da ya shekara ɗari biyar kafin asirinsa ya tonu. Wa zai sani?"

"Wanda zai zaro shi."

"Lokacin ƙasa ta daɗe da cinye mu."

"Shi ma ta cinye shi. Ya hana mu yi masa dariya yanzu?" Ya nuna tambarinsa da yatsa. "Wannan sunana ne, yarinya. Ba zan bar shi a bangon sarki wasu su zo su tsaya a nan suna girgiza kai ba."

"Mako uku ne fa. Ga kek can yana jira."

"A ci. Haƙorana ma ba sa son zaƙi."

Ya sa aka sauke dutsen, ya goge tambarinsa da bugu uku. Tsohon dutsen kuwa, da Dod ya ga za a jefa shi cikin tarkace, sai ya hana.

"Ku kai min shi kan teburina," ya ce. "Mai kibiyar nan hannunsa mai kyau ne. Rana ɗaya ce ta ɓace masa."

Sannan ya koma rumfa, ya mayar da rigar aikinsa kan ƙusarta, don gobe zai dawo ya fara sassaƙa wani dutsen.