Hoton Ƙirjin Yaya Ɗahiru

Ranar da Muzdalifa Attahiru ta fara aiki a ɗakin duba hotuna na wani asibiti a Gusau, Dakta Tukur ko gaisuwarta bai gama amsawa ba ya liƙa hoton ƙirji a allon haske, ya ja kujera ya zauna. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya haura shekara ashirin yana wannan aiki. Ita kuwa wata biyu ke nan da gama karatun likita, tana cikin shekarar sanin makamar aiki.

"Mi kika gani?" in ji shi.

Ta matsa kusa. Haƙarƙari ta gani, da farin zuciya a tsakiya, sauran kuwa toka-toka kamar gajimare. Sai ta shiga jero sunayen cututtukan huhu yadda ta haddace su.

"Wannan abin da kika karanta ne. Ni abin da kika gani nike tambaya."

Ta sake dubawa, ta ce, "Ban ga komai ba, Yallaɓai."

"Madalla. Mun samu wurin farawa."

Mako uku cur bai ba ta hoton mara lafiya ko ɗaya ba. Na masu lafiya yake tara mata, direbobi da sababbin ma'aikata da ɗalibai da ake dubawa kafin a ɗauke su, kullum talatin ko arba'in. Sai ta fara karanta suna da kwanan wata, ta bi ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, ta bi gefe-gefe, sannan ta shiga cikin huhu. Abin ya ishe ta, har ta yi zaton raina ta ya yi. Da ya lura, sai ya ce kakarsa in tana tsintar shinkafa ba tsakuwa take nema ba. Shinkafar ta sani sarai, don haka duk abin da ba shinkafa ba shi ke tsayar da yatsanta.

A mako na huɗu ya fara cusa mata na marasa lafiya a cikin tarin hotunan, ba tare da ya faɗa ba. Na farko ya wuce ta, na biyu ma haka. Wata Laraba tana cikin dubawa idonta ya tsaya a wani hoto tun kafin ta san dalili. Ta sake bi a hankali, sai ga wata 'yar inuwa kamar ƙwayar gujjiya, ta laɓe a bayan zuciya. Ta nuna da bakin biro. Dakta Tukur ya gyaɗa kai kawai, amma ranar har ta isa masauki murmushi take yi ita kaɗai.

Daga nan ya buɗe mata wata durowa da yake ajiye hotunan masu haƙar zinare da masu niƙa dutsensa a inji. Saman huhunsu cike da ɗigo-ɗigo farare, kamar an watsa gero. Ya ce ƙurar dutse ce, in ta shiga ba ta fita. Sau da yawa akan ɗauka tarin tibi ne, mutum ya sha magani wata shida a banza. Ta duba su har sai da ta iya gane su daga bakin ƙofa.

Wata na biyar da fara aikinta ta je gida Tsafe ranar Juma'a. Suna cin tuwo mahaifiyarta ta ce, "Yayanki hwa tarin nan ya ƙi barinai. An ce ya gama maganin tibin da aka ba shi, amma Sa'adatu ta ce ko masallaci ba ya iya zuwa."

Yaya Ɗahiru shi ne babba a ɗakinsu. Shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke tun tana firamare, shi ya raka ta jami'a da akwatinta a kai. Shekara tara ya yi yana aiki a injin niƙan dutse a wajen Bungudu, inda ya zauna da matarsa Sa'adatu da 'ya'yansu uku. Bara ya daina, da ƙarfi ya ƙare. Muzdalifa ta san da tarin, amma a waya kullum cewa yake da sauƙi, kuma rabonta da shi an fi shekara.

Washegari ta shiga mota zuwa Gusau, ta sake wata zuwa Bungudu. Ta same shi zaune a kan tabarma a gindin dalbejiya. Da ya gan ta ya miƙe don ya tarbe ta, taku bakwai ne tsakaninsu, amma sai da ya tsaya ya dafa bango. Ta ga yadda kafaɗunsa ke ɗagawa da kowane numfashi, ta ga ramin da ke lotsawa a ƙasan wuyansa, da leɓɓansa da suka yi duhu. Ba ta so ta gani ba, idon ne ya riga ta.

"Likita bokan Turai," ya ce yana dariya, tari ya katse shi.

Bayan sun gaisa ta tambayi ko an yi masa hoto. Sa'adatu ta shiga ɗaki ta fito da babban ambulan mai ruwan ƙasa, ta ce guda biyu ne a ciki. Muzdalifa ta zaro na sama, na watan jiya, ta ɗaga shi sama ta bayan rana. Ɗigo-ɗigon sun haɗe sun zama manyan dunƙule biyu farare, dama da hagu. Ta san abin da wannan ke nufi.

Ta zaro na biyun. Kwanan watan da ke kusurwarsa na shekara uku da suka wuce ne, kuma tana ganinsa ta tuna shi. Da wata ƙaramar Sallah ce a Tsafe, tana aji huɗu a jami'a. Yaya Ɗahiru ya zo da shi a naɗe, ya ce wani asibiti suka yi masa don yana ɗan jin nauyin ƙirji, an ba shi maganin tari an sallame shi. Ya ce yana tunanin barin injin ya koma noma a gonarsu ta Kucheri, amma bari likitar gidansu ta duba tukuna. Ya faɗa a gaban kowa, yana alfahari. Ta ɗaga hoton a bakin ƙofa, ta ga haƙarƙari da zuciya, ta ga duk an zuba mata ido. Ta ce, "Ƙalau kake, Yaya."

Yanzu ga geron nan a watse a saman huhun biyu, ɓaro-ɓaro, ba ya ko ɓuya. Hoton bai sauya ba. Ta daɗe tana kallonsa har Sa'adatu ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce rana ce. Ta roƙi a ba ta aron ambulan ɗin.

Ranar Litinin ta liƙa su biyun a allon haske, ta gaya wa Dakta Tukur komai, ba ta rage ba. Ya daɗe yana kallon tsohon.

"Yallaɓai, da ya bar aikin a lokacin, da ya tsira?"

"Ciwon ya riga ya shiga. Wasu ko sun bari shina ci gaba da cin su." Ya cire tabarau ya murza ido. "Amma ba ni yi miki ƙarya. Ƙurar shekara biyu da ya ƙara ba ƙaramin abu ba ce. Wataƙila da ya samu wasu shekaru. Allah kaɗai ya san ko nawa."

Ta fashe da kuka. Bai hana ta ba. Da ta lafa ya ce, "A aji huɗu ba ki da idon da za ki ga wannan. Ni ma a aji huɗu ba ni ganinai. Abu guda ya rage gare ki ranar, ki ce ba ki sani ba."

Ta kawo Yaya Ɗahiru Gusau aka kwantar da shi, aka sa masa oksijin. Kwana uku tana shiga tana fita ba ta iya faɗa ba. A na huɗu da hantsi, Sa'adatu ta fita wanke kwanuka, ta zauna a bakin gadon ta ce, "Yaya, hoton nan da ka nuna mini da Sallah, ciwon yana ciki. Ban iya dubawa ba, na ce maka ƙalau."

Ya juyar da kai wajen taga. Ta ji ƙarar iskar da ke shiga hancinsa, ta ji ana tura keken marasa lafiya a baranda.

"Da kin ce in bari, da na bari," ya ce a hankali. Ya huta, ya ƙara jan numfashi. "To, ya wuce. Kada ki gaya ma Inna."

Bai sake tayar da maganar ba, ita ma haka. Yakan yi mata murmushi in ta shigo, amma bai ƙara kiran ta likita ba, sai Muzdalifa. Aka sallame shi bayan mako biyu don babu abin da ya rage a yi. Ya rasu a Bungudu cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina.

Ranar addu'ar uku abokan aikinsa suka shigo yi wa mata gaisuwa, su bakwai, suka durƙusa a bakin zaure. Muzdalifa tana daga cikin ɗaki tana kallon kafaɗunsu. Uku daga ciki numfashinsu bai yi mata ba. Ta yafa mayafi ta fito, ta ce musu su zo Gusau a yi musu hoto, ita za ta tsaya a kan komai. Suka yi godiya, suka ce in sha Allahu.

Mutum ɗaya ya zo, Mu'azu, wanda suka yi shekara shida a inji ɗaya da marigayin. Bai kai talatin da biyar ba, kuma ya ce shi ba ya jin komai sai ɗan tari da safe. Ta liƙa hotonsa, ta kira shi kusa da allon, ta nuna masa ɗigo-ɗigon da bakin biro, ta yi masa bayani dalla-dalla, har da abin da zai biyo baya in bai bari ba.

Mu'azu ya ƙura wa allon ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Wallahi Hajiya ni ban ga komi ba."

"Suna nan, Malam Mu'azu. Ka bar injin nan."

"In na bari mi za mu ci? Gonarmu tana cikin daji, shekara huɗu ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga." Ya kau da kai daga allon. "Bari dai a ga bayan Sallah."

Ta rubuta sakamakon, ta sa hannu, ta haɗa masa da takunkumin rufe hanci guda biyar da ta san ba za su yi mako biyu ba. Ya zuba su a aljihu, ya naɗe hoton ya ɗaure da roba, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ya ce bari ya hanzarta tasha, don ya bar wani ne yana riƙe masa injin, kuma ya yi masa alkawarin dawowa kafin la'asar.